Gidan Gem, Kuɗin Wuta da Yammacin 'Ya'yanmu

Wata ranar Alhamis bayan la'asar yayata ta kira ni a waya, ranta a ɓace. Tun azahar ta aiki ɗanta sayo man gyaɗa, har rana ta yi sanyi babu shi babu dalilinsa. Ta ce: "Kai ne kawunsa, maganarka yake ji. Don Allah je ka dubo min shi a gidan gem ɗin nan na bakin kasuwa."

Shagon bai wuce shimfiɗar tabarma biyar ba. An toshe tagarsa da labule mai kauri don kada rana ta haske allo. Talabijin biyar ne jere a bango, ƙarƙashin kowace akwai na'urar PlayStation a cikin kejin ƙarfe da kwaɗo. Fanka ɗaya ce a sama, tana ta juya zafi da warin gumi. Yara sun kai ashirin, goma ne ke riƙe da hannun gem, sauran 'yan kallo ne da masu jiran layi. Can na hango ɗan yayata a tsakiyar benci, ledar man gyaɗa a tsakanin ƙafafunsa, idonsa ƙur a kan allo, ya ɗauki Real Madrid abokinsa ya ɗauki Barcelona. Kafin in buɗe baki, ɗif, aka ɗauke wuta. Ɗakin ya ɗauki "kash!" baki ɗaya. Mai shagon, saurayi ne da bai fi shekara 25 ba, ya zagaya baya ya ja igiyar janareta sau uku kafin ta tashi. Da ya dawo sai ya ce: "To, kowa ya sani, daga yanzu kuɗin inji ne." Kusan rabin yaran suka miƙe suka fice, don aljihunsu bai kai ba.

A hanyarmu ta komawa na tambayi yaron: "Ba babanka ya sayo maka irin wannan na'urar ta hannu ba? Me ya hana ka yi wasanka a gida?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, yau kwana huɗu ba a kawo wuta a layinmu ba."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Mun saba ɗaukar zancen gem a matsayin zancen tarbiyya kawai, zancen wutar lantarki kuma na gwamnati da masu masana'antu. A wannan shago na ga ashe igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Inda yaro zai yi wasa, da wa zai yi, nawa zai kashe, idon wa ke kansa, duk suna rataye ne da ko akwai wuta a gidansu ko babu.

Abin da mutane ke cewa

In aka ɗauko zancen gem a majalisa ko a gidan biki ko a cikin a-daidaita-sahu, bakin iyaye ne ke fara buɗewa. Kukansu a bayyane yake. Yaro ya tafi aike ya maƙale. Canjin cefane ya ɓace, an fara koyon ƙarya don a rufe. An tsallake Islamiyya, an dawo gida bayan magariba da ido jajir. Abin da ya fi ci wa iyaye mata tuwo a ƙwarya shi ne cakuɗuwar: ɗan shekara 10 na zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan shekara 20, yana jin irin zagin da ake yi in an ci mutum ƙwallo, yana ganin wanda ya leƙa waje ya busa taba ya dawo.

Matasa kuma tambaya ɗaya suke mayarwa: ina ake so mu je? Filin ƙwallon unguwa an yanka shi filoti-filoti an sayar. Makarantar gwamnatin da ake buga ƙwallo a harabarta da yamma an zagaye ta da shaguna. Sukan ce gara a same su a gaban allo da a same su a lungun 'yan ƙwaya ko cikin 'yan daba. Wasu su ƙara da cewa a gem suka tsinci Turancin da aji bai ba su ba, a nan suka san sunayen ƙasashe da birane.

Malaman da na saurara, mafi yawansu ba su ce wasa haramun ne don kawai wasa ne ba. Sukan kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma magabata sun daɗe suna tattauna hukuncin wasanni irin su shaɗaranji. Ma'aunin da suke bayarwa shi ne: kada caca ta shiga, kada wasa ya ci lokacin salla ko wani haƙƙi, kada abin da ke cikinsa ya zama batsa ko koyar da ɓarna. Wannan ma'auni ne mai kyau, domin ya raba wasan ƙwallo da wasan da aka gina shi a kan fashi da kisa.

Sai mai shago, wanda ba a cika tambayarsa ba. Sau da yawa ɗan unguwa ne da ya gama sakandare ko difloma, ya nemi aiki ya rasa, ya haɗa adashi da taimakon wani yaya ya sayi na'urori na hannu. A wurinsa wannan sana'a ce kamar ta mai shagon caji ko mai gidan kallon ƙwallo, da ita yake kai cefane gida.

Ina cutar take, ina kuma ba ta

Tsoron iyaye yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem a cikin kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ya kamata a kula da yadda ta siffanta abin. Ba kowane mai yawan wasa ta kira mara lafiya ba. Alamomin su ne mutum ya kasa iko da kansa wajen farawa da tsayawa, wasan ya danne komai na rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa a karatu ko aiki ko zumunci, kuma yawanci a ga haka ya ɗore har tsawon shekara guda. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kai wa wannan hali. Saboda haka yaron da ya buga wasa biyu ranar Asabar daban, wanda ya daina barci ya daina zuwa makaranta daban, kuma ba magani ɗaya za a ba su ba.

Abu na biyu da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne wasannin suna da alamar shekaru. A kan kwalin da aka yi wa kasuwar Turai ana buga lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Wasan ƙwallo na FIFA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, lamba 3 aka saba ba shi. Grand Theft Auto da Mortal Kombat na zamani lambarsu 18 ce, saboda kisa da jini da abin da bai dace yaro ya gani ba. A ƙasashen da aka ƙera su ma ba a yi su don ƙananan yara ba. Amma a shagunanmu an loda su duka a na'ura ɗaya, babu kwali balle lamba, wanda ya biya shi ke zaɓa.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi haɗari, shi ne ƙofar caca. Tana farawa da "wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan", ta koma ajiye kuɗi a hannun alƙali, daga nan sai shagon cacar ƙwallo da ke gaba kaɗan. Su kansu kamfanonin sun saka irin wannan tarko a cikin wasanni da yawa: ka biya kuɗi a buɗe maka akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, ko ka dace da babban ɗan wasa ko ka tashi a tutar babu. Hukumomin ƙasar Beljiyam sun yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan caca ne. Wasannin waya da ake cewa kyauta ne, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, daga sayayyar cikin wasa suke samun kuɗinsu, ban da datar da suke sha.

Akwai masu cewa a yi irin ta Chana. A Agustan 2021 gwamnatin ƙasar ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa guda a daren Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Sai dai can kowane mai wasa da sunansa da lambar shaidarsa yake shiga, kamfani ne ke rufe masa ƙofa in lokaci ya cika. Mu nan yara biyar ne ke karɓa-karɓa da hannun gem ɗaya a shagon da ba ya kan intanet. Mai gadin ƙofar a wurinmu mutum biyu ne kawai: mai shago da iyaye. To, me ya raba yaron da gaban iyayen tun farko?

Makunnin da ba ya hannunmu

Har yau in an kawo wuta yara a lungu suna ihun "Nepa!", duk da cewa hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka kuma sayar da sassan samarwa da rarrabawa ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, aka sami kamfanonin rarraba wuta 11. Suna ya sauya sau biyu, ihun murnar bai sauya ba, domin wutar ba ta zama abin da aka saba da shi ba.

Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 tana rarraba wutar da a yawancin ranaku take tsayawa tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, alhali injinan da aka girka sun kai na kusan megawat 13,000. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya wajen miliyan 85 ba su da hanyar samun wutar gwamnati kwata-kwata. Dalilan giɓin sarƙa ce. Mafi yawan tashoshin da iskar gas suke aiki, masu gas suna bin bashi sai su rage bayarwa. Manyan layukan dakon wuta sun tsufa, ba sa iya ɗaukar duk abin da aka samar. Kamfanonin rarrabawa ba sa tara cikakken kuɗin wutar da suka karɓa, kusan rabin masu amfani da ita ba su da mita, ana yanko musu bil ne da ƙiyasi, su kuma su ƙi biyan kuɗin duhun da suka sha. Kowa na bin kowa bashi.

Arewa tana da ƙarin nata nauyin. Madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna can gefen Neja, tashoshin gas kuma mafi yawansu a Kudu suke. Wutar da za ta isa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai ta yi doguwar tafiya a kan layuka 'yan ƙalilan, ta cikin dazukan da tsaro ya taɓarɓare. An ga haka ƙarara a Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ya rage yana kawo wuta ta Binuwai, shi ma ya faɗi. Jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu walda da masu injin casar shinkafa suka tsaya cak, layin masu cajin waya ya yi tsawo kamar na gidan mai. Mutanen Maiduguri kuwa sun riga kowa sanin wannan azaba, tun da aka tarwatsa turakun layin Damaturu a Janairun 2021, birnin ya daɗe babu wuta, har sai da aka gina masa tashar gas ta megawat 50 da aka buɗe a 2023.

'Yan'uwanmu na Nijar igiya ɗaya ce ta ɗaure mu da su. Kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Najeriya take zuwa: layin Birnin Kebbi ke ciyar da Yamai, na Katsina ke kai wa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke musu ita a cikin takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Matashin da ke zaune a fada yana dafa shayi a Maraɗi bai san hawa ba bai san sauka ba, amma shi ya kwana cikin zafi wayarsa a mace.

Sai batun kuɗi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wuta ta ɗaga farashin 'yan rukunin A daga wajen Naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin za su riƙa samun awa 20 a rana. Sauran rukunan an yi musu alƙawarin awa 16, 12, 8 da 4, ba a taɓa farashinsu a lokacin ba. Hujjar gwamnati ita ce tallafin ya fi ƙarfin baitulmali, kuma mai hali ya biya cikakken kuɗi. Hujjar tana da ma'ana a takarda. Amma in wutar ba ta isa kowa ba, kamfani zai fara kai ta ne inda ake biya da tsada, unguwar talaka ta jira ragowa.

A nan ne lissafin mai shagon gem ya fito fili. Na'ura ɗaya da talabijin ɗinta suna cin wajen wat 200. Biyar ke nan wajen yunit guda a awa, in an ƙara fanka da ƙwan fitila ya ɗan haura. In da wutar gwamnati ce, ko a farashin rukunin A, awa 10 ba za ta wuce Naira dubu biyu zuwa uku ba. In janareta ce mai shan kusan lita guda a awa, a farashin Naira 1,000, an tashi dubu 10, ban da baƙin mai da gyara. Wannan bambanci a kan wa zai sauka? A kan yaron da ke riƙe da canjin man gyaɗa. Kuma shi ne ke tura mai shago ya cusa yara fiye da ƙima, ya kai dare, ya kawar da kai daga ɗan makarantar da ya shigo da kayan makaranta a jikinsa, domin sai ya mayar da kuɗin mai. Ga hayaƙin inji a lungun da iska ba ta ratsawa, wanda an sha jin ya hallaka iyali guda a cikin barci.

Sakamakon haka yaran gari sun rabu biyu. Ɗan gidan da ke rukunin A, ko gidan da aka sa sola da batir, yana wasansa a falo, uwarsa na jin abin da ke fitowa daga talabijin, in an kira salla ta ce a kashe. Ɗan gidan da ke rukunin ƙasa sai ya fita, ya biya da tsada, a wurin da babu idon nasa. Wasa ɗaya suke yi, haɗarin da ke kansu ba ɗaya ba ne. In muka tsaya a kan zagin na'ura kaɗai, mun bar jaki muna dukan taiki.

Wasannin da ba sa jiran a kawo wuta

Bahaushe bai taɓa zama mutumin da ba ya wasa ba. Dattawa suna haƙa gurabe 30 a ƙasa a gindin bishiya, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, a buga dara har la'asar sakaliya, wasan da ke buƙatar lissafi da hangen abin da abokin karawa zai yi nan da taku uku. Samari na langa, 'yanmata na carafke da 'yar gala-gala da gaɗa a dandali in farin wata ya fito. Akwai tashe da azumi, akwai tatsuniya a gaban kaka. Akwai mai kiwon tantabara da ya san kowace da kamanninta, akwai yaron da zai zauna da karan dawa da wuƙa ya ƙera mota har da ƙofa mai buɗewa. Dambe na nan da ransa, kokawa kuwa a Nijar tun 1975 ake gasar ƙasa ta neman takobi, kuma har yau in ana yin ta ƙasar kan tsaya kallo.

Waɗannan ba gem ne ya kore su daga birane ba, shi ya tarar da gurbi ne ya zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dandali ya zama shago, fili ya zama gida, tsoron masu ƙwacen waya da masu satar mutane ya sa ba mai barin ɗansa a waje bayan isha'i, kuma lungun da babu fitilar titi ba wurin wasa ba ne. Ranar yaro ta cika da boko da safe, Islamiyya da yamma, ɗan abin da ya rage masa na hutu bai da inda zai kai shi. Fiye da rabin mutanen Najeriya ba su kai shekara 20 ba, a Nijar ma abin ya fi haka. Al'ummar da yawancinta yara ne, in ba ta tanadi wurin wasa ba, ta bar muhimmin sashe na tarbiyya a hannun duk wanda ya buɗe shago.

'Yanmata ma abin ya shafe su, ko da yake ba a ganinsu a gidan gem. Nishaɗinsu ya koma cikin waya: littattafan Hausa da a da ake haya a shago yanzu a WhatsApp ake karanta su ko a saurara a YouTube, a nan ake koyon ɗinki da girki da zanen lalle, a nan ake buga ludo da ƙawaye. In babu wuta sai a ba ƙane waya ya kai shagon caji, a biya, a jira. Yarinyar da ke son koyon keken ɗinki na lantarki ko haɗa kek a oban ta san sha'awarta na tsayawa ne inda wuta ta tsaya.

Masu saye kawai, ko masu ƙerawa?

Masu bibiyar kasuwa suna ƙiyasta cewa harkar gem a duniya na juya fiye da dala biliyan 180 a shekara, wajen rabi daga wasannin waya. Saudiyya ta shiga da ƙarfinta, a 2024 ta shirya gasar kofin duniya ta wasannin gem a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60. A nan Afirka ma an fara. Kamfanin Maliyo Games a Legas yana ƙera wasannin waya tun 2012. A Yawunde, Kiro'o Games ya fitar da wasan Aurion a 2016, wanda aka gina a kan tatsuniyoyi da al'adun Afirka. Leti Arts na aiki tsakanin Gana da Kenya.

Mu kuwa da ke da Gizo da Ƙoƙi, da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, da Sarauniya Amina, da hawan sallah, da dambe da dara, har yanzu saye muka fi yi. Basira ba ta ƙare ba. Jikan mai ƙera motar kara shi ne yake kwance waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya mayar da ita. Amma ƙera wasa aiki ne na zane da lissafi da rubuta umarnin kwamfuta da haɗa sauti, kuma ana koyonsa ne da zaman awanni a gaban kwamfuta, wata da watanni. Wanda batirin kwamfutarsa ke mutuwa bayan awa biyu, ya jira sai jibi a kawo wuta, ba zai yi nisa ba ko da yana da kai. Rashin wuta ya bar mana ɓangaren gem da ke cin kuɗi, ya hana mu ɓangaren da ke kawo shi.

Abin da ke hannun kowa

Akwai ƙofofin da suka buɗe. Gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar kula da ita a cikin iyakokinsu. Uzurin "abin na Abuja ne" ya ragu. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita fiye da Kudu. An buɗe tashar sola ta megawat 10 a Kumbotso ta Kano a farkon 2023, Nijar ta kunna tata ta megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a ƙarshen shekarar, lokacin da take cikin tsananin buƙata. Waɗannan ƙanana ne in aka auna da girman matsalar, amma sun nuna cewa wutar da aka samar kusa da gida ba ta jiran layin da ya ratsa dajin 'yan bindiga. Abin da jihohi ya kamata su sa a gaba shi ne ƙananan tashoshin sola na unguwa da kasuwa, da bashi mai sauƙi ga masu ƙananan sana'o'i don sayen faranti da batir, domin tsadar farko ce ke hana su tun da darajar Naira ta faɗi. Shagon da ya rabu da kuɗin mai ya rabu da babban dalilin da ke sa shi kawar da kai.

Ƙananan hukumomi da masu unguwanni su tsare filayen da suka rage. Ɗakin karatu na unguwa mai sola da kwamfutoci goma, da fili mai fitila a gabansa, ba zai kai kuɗin shatale-tale ɗaya ba. Masu shagunan gem kuma su haɗa kai su sa wa kansu doka kafin a sa musu: ba a karɓar ɗan makaranta a lokacin makaranta, ana rufewa in an kira salla, wasannin lamba 18 ba na yara ba ne, babu ajiye kuɗi, a buɗe taga, inji ya yi nesa da ƙofa. Rufe shagunan gaba ɗaya zai tura yaran cikin waya ne a ƙuryar ɗaki, inda sa ido ya fi wuya.

Mu iyaye namu shi ne mu shiga mu gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai ka san inda ya karkata. Uba ya san sunan wasan da ɗansa ke bugawa, ya san mai shagon, ya yanka lokaci da kuɗi, ya kuma ba yaron wani abin sha'awa da zai yi da hannunsa.

Da ɗan yayata haka muka yi. Ya biya canjin man gyaɗa daga asusunsa, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Muka yanka masa awa guda ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar, na je na gaisa da mai shagon muka fahimci juna. Sauran yammacin da nake gari, nakan haƙa gurabe a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu in koya masa dara. Da farko don kunyata yake zama. Da ya gane yadda ake jera uku a ci ɗan abokin karawa, sai ya fara kirana da kansa. Wata rana ana gab da magariba ya tsaya da tsakuwa a hannu ya ce: "Kawu, da za a sa wannan a waya, da Hausa, da abokaina duk sun buga." Na ce masa ai mutum ne ke sa wa, kuma abin koyo ne, in ya dage zai iya. Da daddare mahaifiyarsa ta ce ta gan shi ya zana gurabe 30 a bayan littafinsa yana rubuta dokokin wasan ɗaya bayan ɗaya, da hasken tocila a haƙoransa, domin a daren ma ba a kawo wuta a layinsu ba.